Ganuwa, Sarƙa da Igiya: Karatun Tsarin Birnin Kano

A farkon shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, ya kuma lura cewa idan rani ya yi, ayari suka sauka, adadin kan kusa ninkawa. Shekara guda kafin wannan, ƙidayar da aka yi a Amurka ta sami kusan wannan adadi a wani gari na bakin tafki mai suna Shikago. Ashe a tsakiyar ƙarni na 19 garuruwan biyu sa'o'in juna ne wajen yawan jama'a, sai dai Kano ta riga ta kwashe ɗaruruwan shekaru a cikin ganuwarta, Shikago kuwa ko shekara 20 ba ta yi da zama gari ba. Zuwa 1920 mutanen Shikago sun haura miliyan 2.7. A kan wannan gari da ya tashi kamar wutar daji malaman jami'arsa suka zuba ido, daga nan ne kuma aka samo yawancin ra'ayoyin da har yau ake koya wa ɗalibanmu na labarin ƙasa game da yadda birni yake tsaruwa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne na Ernest Burgess, na shekarar 1925. Ya ce birni yana faɗaɗa ne zobe-zobe daga cibiya guda. A tsakiya akwai cibiyar kasuwanci, sai zoben tsofaffin gidaje da ƙananan masana'antu inda sababbin baƙi ke cunkushewa a ɗakunan haya, sai unguwannin ma'aikata, sai na masu hali, can ƙarshe kuma masu kwana a bayan gari su shigo aiki da safe. Abin da ke rarraba mutane a cikin zobban nan shi ne gasa a kan fili. William Alonso ya zo a 1964 ya fayyace lissafin: kowane taku da mutum ya yi nesa da cibiya kuɗin fili na raguwa, kuɗin mota na ƙaruwa, don haka kowace sana'a da kowane magidanci kan tsaya daidai inda aljihunsa ya tsayar da shi.

Na sha ganin ɗalibi ya shimfiɗa taswirar Kano da niyyar ɗora mata waɗannan zobba, ya rasa inda zai kafa tsinin abin zanensa. Kurmi ce cibiyar, ko Ƙofar Kudu? Bata ce, ko Kantin Kwari? Laifin ba na ɗalibin ba ne. Burgess ya yi nazarin garin da kasuwar fili ta haifa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba ta da tsohon gini. Kano kuwa an yanka ƙasarta sau uku, da ma'auni uku dabam-dabam, kuma kowane yanka yana nan daram a ƙarƙashin ƙafafunmu. Hujjar da nake son kafawa ita ce: abin da ya fi ƙarfi wajen tsara birni shi ne layin da aka fara ja a kan ƙasa da kuma wanda ya ja shi. Farashi yakan zo daga baya, ya sauya abin da ake yi a cikin layin, amma da wuya ya iya goge shi.

Masanin da ya fi taimaka mini a nan shi ne M. R. G. Conzen, wanda a 1960 ya wallafa nazarinsa na wani ƙaramin gari a arewacin Ingila mai suna Alnwick. Ya kasa siffar gari gida uku: tsarin tituna da filaye, gine-ginen da ke kansu, da kuma amfanin da ake yi da su. Amfani shi ne mai saurin sauyawa, don gidan zama na iya wayar gari ya zama kanti. Gini kan yi shekaru kafin a rushe. Titi da iyakar fili kuwa kan binne jikokin wanda ya shata su. Da wannan tabarau zan dubi Kano.

Kafin yanka

Masana kan bambanta mazaunin gari da matsayinsa. Mazauni shi ne ainihin ƙasar da garin ya zauna a kanta, matsayi kuma alaƙarsa da sauran wurare. Mazaunin Kano ya samu ne daga dutsen Dala da Goron Dutse, da tamar da maƙeran farko suka haƙa, da ruwan Jakara, da ƙasar noma mai karɓar taki. Wannan bai canja ba. Matsayinta kuwa ya juya baki ɗaya a cikin shekara goma. Ƙarni bayan ƙarni fuskar Kano na duban arewa, wajen Agadas da Gat da Tarabulus, da kuma yamma wajen Gwanja inda ake ɗauko goro. Da layin dogo ya iso a 1911, aka kuma shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan daga 1912, sai garin ya juya ya fuskanci Ikko. Tashar jirgin kuwa a wajen ganuwa aka kafa ta, ta gabas, kuma wannan shawara guda ta ja nauyin kasuwancin Kano ta fitar da shi daga cikin birni har zuwa yau.

Yankan farko: ganuwa

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Abin da ya kamata mai nazarin birane ya tsaya a kansa shi ne yawan filin da aka kewaye. Barth ya ga babban ɓangare na cikin ganuwar gonaki ne da fili fetal, gidaje sun taru a sashe guda. Magabata sun kewaye abin da ya fi buƙatarsu nesa ba kusa ba, domin a samu abin ci idan an yi wa garin zobe, domin kuma mutanen karkara da dabbobinsu su sami mafaka. Ko mene ne dalilin, sakamakonsa shi ne birnin ya yi ɗaruruwan shekaru yana girma a cikin iyakar da aka riga aka tanadar masa. Ina ganin wannan shi ne darasin tsara gari mafi girma da Kano ta bari, kuma shi muka fi mantawa da shi.

A cikin ganuwar ma ba cibiya guda ba ce. Tsohon zama yana gindin Dala. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi a gefen Jakara, ya kuma gina fadarsa can kudu da tsohon garin, masallaci a kusa da ita. Saboda haka tun ƙarni na 15 Kano na da wurin tarihi da wurin ciniki da wurin mulki, kowanne da unguwannin da suka kewaye shi. Chauncy Harris da Edward Ullman sai a 1945 suka kawo ra'ayin birni mai cibiyoyi da yawa, suna gyara wa Burgess zama, kuma nasu ra'ayin ya fi dacewa da birnin Rumfa.

Sunayen unguwanni kansu taswira ne ga mai kunnen ji. Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari da Ayagi suna gaya maka daga ina mutanen suka zo. Soron Ɗinki da Dukawa suna gaya maka abin da hannunsu ke yi. Madabo da Sharifai gidajen ilimi ne da nasaba. Dandalin Turawa na tuna mana lokacin da kalmar Bature ke nufin Balaraben da ya ƙetaro Sahara. Ba farashi ne ya zaunar da waɗannan mutane ba. Baƙo kan sauka wurin fatoma ko wurin ɗan garinsu, mai unguwa ya kai maganarsa gaba, a nuna masa inda zai kafa gida kusa da nasa. Gideon Sjoberg, a littafinsa na 1960 kan biranen da suka girma kafin zamanin masana'antu, ya nuna cewa a irinsu manya ne ke zama a tsakiya, talaka da mai sana'ar da ke da wari ko hayaƙi a gefe, akasin Shikago ke nan. Kano ta gaskata shi: kusanci da fada daraja ne, karofi kuwa yana can bakin Ƙofar Mata.

Sai maganar lungu, wanda na ga ana yawan yi wa gurguwar fahimta. Mai kallon taswira daga sama yakan ɗauka ruɗani ne kawai. Wanda ya tashi a cikin birni ya san akwai tsani a ciki. Daga ƙofar gari babbar hanya ta nufi kasuwa ko fada, kowa na iya bi. Daga ita hanyar unguwa ta ɓalle, inda baƙo zai wuce amma za a gan shi. Daga nan sai lungu, wani ma ba ya ɓullewa, wanda idan ka shige shi dole yaron da ke wasa a bakin ƙofa ya tambaye ka wa kake nema. Sai zaure, sai shigifa, sai tsakar gida. Kowane mataki yana rage yawan idon da ke da izinin kallo. Ƙuncin lungun kuma na ba da inuwa a garin da rana ke dukan ƙasa wata da watanni. An auna shi da jaki da kayansa, da kuma makara a kafaɗar mutum huɗu. Abin da ya matse shi fiye da kima daga baya shi ne rabon gado, inda gida guda kan zama uku ko huɗu kowanne na neman ƙofa, da kuma ɗan ƙarin da kowane mai sabon gini ke ci daga hanya.

Kududdufi ma yana cikin tsarin. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin gidajen unguwa, da damina kuma ruwan indararo da na kwata ya gangara ya koma cikinsa. Ramin da gini ya haifar shi ke shanye ruwan da rufin ginin ya zubar. Yau da aka koma bulo da siminti, ana cike kududdufai da shara ana yanka su fuloti, ruwan kuwa bai san an sayar ba, inda ya saba zuwa nan yake zuwa.

Birni da abin da ke ciyar da shi

Ba a fahimtar gari idan aka tsaya a bakin ƙofarsa. Tun 1826 Johann von Thünen ya nuna cewa nisa daga kasuwa ke yanke abin da manomi zai shuka: mai saurin lalacewa da mai nauyin ɗauka a kusa, mai jure tafiya a nesa. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, ya tarar da ƙasa mai cike da jama'a wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu, kuma ba ta gaji ba. Sirrin yana bayan jaki. Da rani jakuna kan shigo birni da itace da amfanin gona, su fita da mangala cike da taki da tokar murhu da sharar gida. Dattin birni shi ne abincin gona, iyakar tafiyar jaki ta yini guda kuwa ita ce iyakar wannan musaya. Leda da robobi da suka cika bola a yau sun lalata ingancin takin, gonakin da ke karɓarsa kuma su ne ake yankawa.

Ra'ayin Walter Christaller na 1933, wanda ya gina a kan garuruwan kudancin Jamus, shi ma yana da abin faɗa a nan. Ya ce kowace haja na da adadin masu saye da za su riƙe ta, da kuma nisan da mutum zai yarda ya taka dominta. Gishiri da ashana na kowane ƙauye ne, zinare da babban asibiti sai birni. Inda masu saye ba su isa riƙe kasuwa kullum ba, ƙasar Hausa ta warware matsalar da ranar kasuwa: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, ɗan kasuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A saman wannan tsani Kano take, kuma a cikinta ma kowace haja ta tara 'yan'uwanta wuri guda: hatsi a Dawanau, atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa, kayan gwari a 'Yankaba, wayar hannu a Farm Centre. Mai sayar da yadi ya fi son zama kusa da abokin gasarsa ɗari a kan ya zauna shi kaɗai, domin mai sari daga Maraɗi ko Njamena wurin da zai zaɓa ya darje yake nufa.

Yanka na biyu: sarƙar mai safiyo

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, amma ba su zauna a cikin birni ba. Sun bar shi a hannun sarki, suka kafa nasu zaman a gabas, wajen Nassarawa da Bompai. Daga nan kalmar "waje" ta sami sabuwar ma'ana a bakin Kanawa. Ma'aunin wannan yanka shi ne sarƙar awo da turakun mai safiyo, hujjarsa kuma doka. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da rabuwar, tsarin zamanin kuma ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa da'awar cewa sauron da ya ciji baƙar fata ba zai ƙetare wannan tazara ba. A garuruwa da dama irin wannan fili ne ya koma wurin sukuwa da folo.

Sai aka jera mutane kamar kaya a kanta. Turawa a manyan filaye masu itatuwa. Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, a gefen Fagge kusa da tasha da kantunan kamfanoni, wurin da Kantin Kwari ya tsiro. Ma'aikatan jirgi da akawuna daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma a Sabon Gari, wanda aka shata wajen 1913 da tituna miƙaƙƙu masu gilma juna, kuma da fari ba ya ƙarƙashin sarki. 'Yan arewa da ba Kanawa ba a Tudun Wada da Gwagwarwa. Fagge, wadda dama masaukin fatake ce tun kafin zuwan Turawa, ta zauna tsakanin duniyoyin biyu.

Za a iya cewa ai Bahaushe ma ya san zango, ya san ware baƙo. Gaskiya ne: Damagaram na da Birni da Zango, kuma Hausawan da suka je Kumasi da Ankara a zango suka sauka, na Ibadan kuma a Sabo. Amma akwai bambanci mai nauyi. Zangon da yake cikin tsohon tsari ƙofa ce ta shiga gari. Jikan Banufe ko Babarbare ya zama Bakano ba tare da ya bar unguwarsu ba. Rabuwar da doka ta yi kuwa ta zo da kotu dabam, makaranta dabam, hukuma dabam, ta yadda mutane biyu za su shekara 30 suna ciniki a kasuwa guda ba wanda ya taɓa shiga zauren wani. Rikicin watan Mayun 1953 a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka gwabza shi, kan layin da mai safiyo ya ja shekara 40 kafin nan.

Turawa sun tafi a 1960, layinsu bai bi su ba. Manyan ma'aikata da attajirai suka gaji Nassarawa, da faɗin titunanta da bishiyoyinta. A nan ne masu ra'ayin kasuwa za su tare ni, su ce: dubi yadda ake rushe tsofaffin gidajen Nassarawa ana gina rukunin shaguna, dubi kuɗin hayar shago a Kwari, ashe ba farashi ne ke mulki ba? Na yarda farashi na mulkin amfani da gini, matakai biyu na Conzen. Amma me ya sa mai kuɗi ya zaɓi Nassarawa ya zuba jarinsa? Saboda titin da mota biyu za su gifta juna, da filin da ya isa a yi gini a bar wurin ajiye mota, da takardar mallaka da banki zai karɓa. Dukansu gadon yanka na biyu ne. Farashin da kansa ɗan layin ne.

Yanka na uku: igiya

An yi ƙoƙarin riga garin zuwa gaba. Tsarin shekara 20 da B. A. W. Trevallion ya jagoranta, na 1963 zuwa 1983, ya yi hasashen inda Kano za ta nufa, an kuma keɓe wa masana'antu Bompai da Sharaɗa da Challawa. Amma jama'a sun fi takarda sauri. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye na da mutum kusan miliyan 2.8. Yadda garin ya bazu ya fi kama da abin da Homer Hoyt ya bayyana a 1939 bayan ya duba birane 142 na Amurka: girma yana bin manyan hanyoyi kamar yatsun hannu. Titin Katsina ya ja Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, titin Zariya ya ja Unguwa Uku da Na'ibawa, titin Maiduguri ya ja Hotoro da Mariri, titin Gwarzo kuma, da taimakon sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ja Rijiyar Zaki har zuwa Janguza. Daga baya tsakanin yatsun ya cike.

Wa ya yanka wannan ƙasa mai yawa haka? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna amana, shi ke ba da takardar mallaka a cikin gari. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, yawancin magidanta ba su taɓa samun fulotin awon gwamnati ba, abin da suka iya saye shi ne awon igiya.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan awo, a wata gona da ke kudu da gari, bayan an cire amfani, karan dawa na tsaye a bushe. Magada ne suka sayar wa wani mai harkar filaye, shi kuma ya zo da dillalai biyu da yaro mai riƙe da igiya mai ƙulli-ƙulli. Ana ja ana kafa turke, ƙafa hamsin nan, ƙafa hamsin can. Da aka zo fitar da hanya sai wakilin mai unguwa, dattijo mai sanda, ya ce, "Alhaji, a ƙara wa hanyar nan ko taku uku ne, saboda gaba." Mai filin ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Baba, in na ƙara taku uku a kowane layi, fuloti biyu sun tafi, kuma maƙwabcina da ya yanka tasa bara bai bar komai ba. Hanyata za ta je ta ci karo da bangonsa." Dattijon bai sake magana ba, domin mutumin bai yi ƙarya ba. Kafin la'asar an gama, an rubuta takardar ciniki, shaidu sun sa hannu, dillalai sun karɓi la'adarsu.

Bayan 'yan shekaru na koma wurin. Gidaje sun tashi, wasu har da bene, an ja wuta, an yi masallaci a fulotin da wani ya bayar sadaka. Kurar ɗan garuwa na shiga layin, adaidaita-sahu na shiga da dabara, motar yashi kuwa a bakin titi take juyewa a ƙarasa da baro. Ba inda za a haƙa lambatu sai an ci bangon wani. Ba filin makaranta, sai gidan haya da aka mayar aji-aji. Abin da aka yanke a yini guda tsakanin hantsi da la'asar shi mutanen wannan layi za su zauna da shi har jikokinsu.

Ba na cikin masu zagin awon igiya. Shi ya ba malamin firamare da direba da mai shayi inda za su kafa bulo ɗaya-ɗaya har su rufa wa iyalinsu asiri, abin da tsarin hukuma ya kasa yi musu. Mai yankan ma ba mugu ba ne; kowane ɗayansu gona guda yake gani, kuma hanya abu ce da ba ta da amfani sai ta ratsa gonaki hamsin a miƙe. Wannan shi ne aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kasuwa ma ba za ta iya ba. Rusau bayan an gina kuwa shi ne mafi tsada da mafi zafi a cikin dukkan magunguna, kuma kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka.

Abin da ya rage shi ne a riga igiya isa gona, kuma ba sai da cikakken tsari mai launi-launi ba. Wata hukuma da jihar New York ta naɗa ta shata layukan titunan Manhattan a 1811, lokacin da mafi yawan tsibirin gonaki ne da duwatsu, gari ya zo ya cika su daga baya. Maraɗi, da ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin da ke kwari, an sake shata ta a kan tudu da tituna miƙaƙƙu, kuma har yau tsakiyarta na cin moriyar wannan awo. Gijimasu da magadansa ma abin da suka yi ke nan da ganuwa: sun ja layin da ya fi zamaninsu faɗi. Abin da Kano ke buƙata a gefenta shi ne a fitar da manyan hanyoyi tun ƙasa na gona, tazarar kamar kilomita guda tsakaninsu domin kowa ya iya takawa zuwa bakin titi, a biya manoma diyyar abin da hanya ta ci kaɗai, a dasa bishiyoyi a gefe biyu su zama shaida, a keɓe hanyoyin ruwa da kududdufai da filin makaranta. Abin da ke tsakanin hanyoyin a bar wa masu gona su yanka, bisa sharaɗin mafi ƙarancin faɗin layi.

Wanda zai tsare wannan sharaɗi yana nan a wurin tuntuni. Babu cinikin gona da ake ƙullawa ba da sanin mai unguwa ko dagaci ba, kuma dattijon da na gani ya san abin da ya dace, abin da ya rasa shi ne turken hukuma da zai nuna ya ce daga nan zuwa can hanya ce, da tabbacin cewa maƙwabcin gaba ma an ɗaure shi da wannan magana. Idan aka bi titin Gwarzo aka wuce Janguza, ko titin Haɗeja aka doshi Gezawa, ko hanyar Madobi, har yanzu akwai gonakin da aka shuka gero da dawa a daminar bana, kuma a gefen wasunsu an riga an sauke bulo.